Yadda za ka kare layinka daga masu kwafar sim da 'yan data ta banza

Jama'a duk wanda yake da layi ɗaya da ya haɗa da banki da WhatsApp da NIN to wannan bayanin nasa ne, ko da kuwa ƙaramar Nokia mai tocila ce a hannunsa. Kullum sai ka ji wani yana kuka wai an yi masa kulonin layi an kwashe masa kuɗi, amma in ka zaunar da shi kuka bi maganar a hankali daga farko sai ka tarar ba wata na'ura aka sa daga nesa aka kwafi sim ɗinsa ba, yawanci shi ne da hannunsa ya miƙa, kuma sau da yawa ta ƙofar neman arha aka shigo masa, ko data ta banza, ko sim mai rajista da ake sayarwa a bakin titi, ko waya mai kyau a kuɗin da hankali ba zai ɗauka ba.

Kwafar layi ta gaske dai an yi ta, ba ƙarya ba ce, amma can baya ne kuma a Amurka ta fi ƙamari. A shekarun 1990 wayoyin salula na can irin tsohon tsarin nan ne na analog, duk sanda waya ta nemi sabis sai ta watsa lambobinta guda biyu a iska ba tare da wani rufi ba, ɗaya lambar jikin wayar ɗaya lambar layin. To sai ɓarayi su samu wata na'urar saurare su je su fake kusa da filin jirgi ko babban titi inda motoci suke cunkushewa, su yi ta tsintar lambobin mutane, su koma gida su ɗora su a kan wata wayar, shikenan waya biyu layi ɗaya. Kuma ba don su kira 'yan uwansu suke yi ba, sana'a ce. A birane irin su New York baƙi 'yan ci-rani da suke son jin muryar gida amma kuɗin kiran ƙasar waje ya fi ƙarfinsu su ne kwastomomin, mutum ya biya 'yan daloli kaɗan a miƙa masa waya ya yi ta surutu da ƙasarsu, ƙarshen wata kuma mai layin na gaskiya ya ga takardar bil ta dubban daloli bai san hawa ba bai san sauka ba. Kamfanonin sun yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara, har sai da a 1998 aka yi doka ta musamman a Amurka da ta haramta mallakar kayan kwafar layi. Ka ga tun daga tushe abin da ya riƙe sana'ar shi ne akwai mutane da yawa masu buƙatar waya amma kuɗinta ya yi musu tsada.

Zuwan GSM ne ya karya wannan harkar, saboda a cikin sim akwai wata lambar sirri da ba ta fita iska ko kaɗan, kamfani ne kawai da katin suka san ta. A 1998 wasu masu bincike, Marc Briceno da Ian Goldberg da David Wagner, sun nuna ana iya zaƙulo lambar daga sim na wancan lokacin, amma fa sai katin yana hannunka ka sa shi a na'ura na tsawon awanni, kuma daga baya kamfanoni sun sauya tsarin. Mu nan Najeriya GSM ya shigo ne a watan Agustan 2001, waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna sim kaɗai sai da ya kai naira 20,000 ko fiye, kira naira 50 a minti ko da sakan 5 ka yi, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin sakan-sakan sannan aka fara numfashi. Don haka saƙon nan da ake ta turawa a guruf-guruf wai in ka ɗaga kiran wata lamba za a kwafi sim ɗinka cikin sakan 3, dan Allah ka daina tura shi, ba haka abin yake aiki ba, irin jita-jitar lambar kisa ce ta 2011 da sai da hukumar sadarwa ta ƙasa wato NCC ta fito ta ƙaryata. Abin da ke gaskiya game da baƙuwar lambar waje da ta yi maka filashin sau ɗaya ta katse shi ne so ake ka kira, in ka kira katinka ne zai ƙone saboda layi ne mai tsadar gaske, to kar ka kira, iyakar ta kenan.

Ɓarayin yanzu ba sa wahalar da kansu da kwafa. Ko dai su sace sim ɗin naka gaba ɗaya, ko su je su yi welkom bak da sunanka wato a kashe katin da ke hannunka a ɗora lambarka a kan sabon kati da ke hannunsu, ko kuma su yaudare ka ka karanto musu lambobin da aka turo maka. Duk ukun akwai maganinsu kuma babu wanda zai ci maka ko sisi.

Abu na farko kuma wallahi shi ne mafi muhimmanci da mutane suka fi sakaci da shi, ka sa wa sim ɗinka fin, wato lambar sirri ta PIN. Ba makullin fuskar waya nake nufi ba, wannan daban, shi makullin fuska wayar kawai yake karewa, ɓarawo ba ruwansa da wayarka in dai kuɗi yake nema, cire sim ɗin zai yi ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna lambar da ke fito da BVN, ya gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kake da akawun, daga nan ya fara sayen kati da kuɗinka ko ya nemi sauya fin ɗin tiransifa ko ma ya je manhajojin bashi ya ci bashi da sunanka, kai kana can kana jimamin waya su suna can suna aiki a kan layin. Amma in sim ɗin yana da fin, da zarar an cire shi an sa a wata waya ko an kashe wayar an kunna sai ya tsaya cak ya ce a sa lamba, ba kira ba saƙo ba komai. Yadda ake yi, ka shiga saitin na wayarka ka nemi ɓangaren tsaro, za ka ga wajen da aka rubuta SIM lock ko SIM card lock, a iPhone kuma yana ƙarƙashin ɓangaren layi da sunan SIM PIN, ƙananan wayoyi ma duk suna da shi a saitin ɗin tsaro. In ka kunna zai tambaye ka fin na asali da kamfani ya sa, yawanci sifilai ne ko ɗaya-ɗaya kuma a rubuce yake a jikin babban katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, sai ka sa shi sannan nan take ka canza zuwa naka. A nan sai ka yi hankali, sau 3 kawai ake ba ka, in ka yi kuskure sau 3 sim ɗin zai kulle ya nemi PUK, lamba ce mai guda 8 ita ma tana jikin wannan katin, in kuma ka yi ta cankar PUK har sau 10 ba daidai ba to sim ɗin ya mutu murus sai ka je ofis. Saboda haka in ka gwada sau 2 bai shiga ba ka dakata, ka kira 300 daga layin ka tambaye su, ita 300 yanzu lambar kula da kwastoma ce ta duk kamfanonin tun da NCC ta haɗe gajerun lambobi a 2023. Kuma kar ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka ko 1234, kar kuma ya zama fin ɗaya da na ATM.

Sannan ka buɗe kontak ɗinka yanzun nan ka duba, in akwai wani suna irin "akawun ɗina" ko "BVN" ko "fin na ATM" ka goge. Mutane da yawa a kan sim suke ajiye waɗannan, wasu ma har hoton katin ATM gaba da baya a galari. Ka rubuta a takarda ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun makaranta ko na fili, tare da katin nan mai PUK.

Haka wajen mai caji da wajen mai gyara. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, amma rumfar caji waya nawa ce a ciki, yara nawa ne ke shiga da fita, kai kuma ka bar waya tun safe sai yamma. In za ka bar ta to ka cire sim ɗin banki ka tafi da shi, in kuma gyara ne ka cire sim da memori duka kafin ka miƙa, babu mai gyaran kirki da zai ji haushin wannan. Ni a ganina ma wanda yake da hali ya ware layi ɗaya na banki kaɗai, wanda ba ya rabawa mutane ba ya sa shi a Facebook ko a allon shago, ya bar shi a ƙaramar waya a gida ko a aljihun ciki, ɗayan layin kuma ya zama na hira da kasuwa.

Yanzu maganar arha, wadda ita ce ainihin inda ake kama mutane. Ba laifin kowa ba ne ya nemi sauƙi, a watan Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100, saƙon tes da yake naira 4 ya koma 6, data kuwa kowa ya ji a jikinsa, ga ɗalibai ga masu sana'a a onlayin ga masu kallon bidiyo har asuba. To a irin wannan yanayin ne za ka ga linki yana yawo wai kamfani kaza yana bikin cika shekara yana raba 50GB kyauta, ko wai gwamnati ta ba da datar tallafi, ko goron sallah, ka danna ka sa lambarka ka tura wa guruf 5 sannan a ba ka. Babu wanda ya taɓa samun ko 1MB a irin wannan, abin da suke tarawa lambarka ce da sunanka da ranar haihuwa wani lokacin har NIN, kuma waɗannan su ne tambayoyin da ake yi wa mai neman welkom bak. Kamfani in zai yi maka kyauta a layinka zai zuba kai tsaye ya turo maka saƙo da sunansa, ba ya buƙatar ka cike fom a wani shafi mai dogon suna.

Masu sayar da data a WhatsApp kuma kashi biyu ne, kar a yi musu kuɗin goro. Akwai na gaskiya, suna sayen data da yawa a dunƙule a farashin sari su riƙa yankawa suna sayarwa da 'yar riba, matasa da yawa da matan aure da wannan suke rufa wa kansu asiri. Yadda za ka gane na gaskiya abu ne mai sauƙi, lambar wayarka kawai yake buƙata, ka tura kuɗi ya tura data ka danna *323# ka ga ta shigo. Duk wanda ya ce sai ka turo masa wata lamba da za ta shigo wayarka, ko ka ba shi fin ɗinka, ko ka danna wasu lambobi da zai karanto maka, ko ka kawo sim ɗin ya kwana a wajensa ya "saita" maka, to ba data yake sayarwa ba. Kuma in sabon mutum ne ka fara da ƙarama, 500MB ko 1GB, ka ga ta shigo ka ga ta kai kwanakin da ya ce, kar ka tashi ka tura kuɗin 20GB wa wanda a sitatus ɗin wani kawai ka gan shi. In farashin ya yi ƙasa da rabin na kowa ka tambayi kanka daga ina yake samowa, don wani lokacin da kuɗin da aka sata daga akawun ɗin wani ake sayen kati da data a karyar da su, ranar da aka biyo sawu kuma lambarka ce a jerin waɗanda suka amfana.

Maganar danna lambobi ɗin nan bari in ɗan tsaya a kanta. Akwai lambobin karkatar da kira, suna farawa da taurari biyu kamar **21* sai lambar waya sai #, in ka danna irin wannan to duk kiran da aka yi maka wajen waccan lambar zai tafi. Ɗan damfara zai ce maka lambar bonas ce ko ta kunna 5G, kana dannawa sai ya je ya buɗe WhatsApp da lambarka ya zaɓi a kira shi a faɗa masa lambobin shiga, kiran kuma ya faɗa wayarsa. In kana shakka ka danna *#21# ka ga ko an karkatar da kiranka, in kuma kana so ka share duk wata karkatarwa gaba ɗaya ka danna ##002#. Sai dai kar ka tsorata in ka danna *#62# ka ga wata lamba da ba ka sani ba, yawanci ta akwatin saƙon murya ce ta kamfanin layinka, ba wai ana sauraren ka ba ne kamar yadda wasu masu bidiyo suke tsorata mutane.

Su kuma 'yan "cit", masu raba manhajar VPN da fayil ɗin da wai zai ba ka burawuzin kyauta, da masu canza lambar IMEI, wato lambar jikin waya, don kamfani ya ɗauka sabuwar waya ce ya ba da bonas, gaskiya ba na ba kowa shawara. Ban da cewa cin haƙƙi ne, manhajar da ba daga Play Store ka sauke ta ba, wani ne kawai ya turo maka a Telegram, kana girkawa ta ce ka ba ta izinin karanta saƙonni da kontak kai kuma ka yi ta danna eh eh don kana sauri, to wanda ya iya karanta tes ɗinka ai ya iya karanta lambar da banki ke turo maka. Haka su GB WhatsApp da danginsa. Ka shiga saitin ka duba waɗanne manhajoji ne ke da izinin karanta SMS, duk wadda ba ka gane dalilinta ba ka cire izinin ko ka goge ta.

In sauƙi kake nema na halak akwai hanyoyi, ka danna *312# ka zauna ka karanta tsare-tsaren da kyau, akwai na dare akwai na soshiyal kaɗai akwai na sati da ya fi na kullum sauƙi in ka lissafa, ka kashe sabunta manhajoji da kansu, ka hana WhatsApp sauke bidiyon guruf da kansa, ka rage ingancin bidiyo a YouTube da TikTok. In katinka yana zarewa ba dalili ka danna *305# ka ga ko an sa ka a wani tsari na waƙar kira ko labaran ƙwallo da ba ka nema ba, ka kuma tura STOP zuwa 2442 don a daina damunka da saƙonnin talla. Fin ɗin tura kati ma da yake zuwa da layi lamba ce mai sauƙi da kowa ya sani, ka canza shi.

Sim mai rajista kuwa, wanda ake cewa ka saya kawai ka sa ba layi ba ɗaukar hoto, wannan kam ka guje shi ko kyauta aka ba ka. Haramtacce ne a dokar NCC, sannan layin ba naka ba ne, da NIN ɗin wani aka yi shi, tun Disambar 2020 da aka fara haɗa layi da NIN mai NIN ɗin shi ne mai layi a idon kamfani. Ka ɗauki shekara kana amfani da shi ka haɗa da banki kwastomominka duk sun san shi, rana ɗaya mai sunan ya je ya yi welkom bak ko kamfani ya rufe layin, ba ka da bakin magana. Ɗaya gefen kuma kar ka yarda a yi wa wani rajista da NIN ɗinka don an ba ka 'yan kuɗi ko don kunya, in aka yi garkuwa ko damfara da layin ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Masu zuwa unguwa da na'ura suna cewa ana raba sim kyauta ko tallafi a kawo NIN a dangwala yatsa, ka lura sau nawa aka ɗauki hotonka ko yatsanka, in an ce "bai yi ba sake" har sau da yawa to ta yiwu layuka da yawa ake buɗewa da sunanka. Ka fi samun kwanciyar hankali a ofishin kamfanin ko babban wakilinsu da aka sani, kuma kana iya tambayarsu su duba maka layuka nawa ne a kan NIN ɗinka, wanda ba ka sani ba ka ce a cire.

WhatsApp ɗinka ma ka sa masa nasa makullin, minti 2 ne. Ka shiga saitin, ka shiga Account, ka nemi Two-step verification, ka sa lamba 6 da za ka iya tunawa da imel ɗinka. Da wannan ko an samu lambobin da aka turo ta tes ba za a iya shiga nan take ba. Ka kuma leƙa Linked devices lokaci-lokaci, in ka ga kwamfuta ko wayar da ba ka sani ba ka fitar da ita. Salon da suka fi amfani da shi yanzu shi ne kira da sallama da ladabi, "ranka ya daɗe daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, akwai mitin da za a yi da daddare, an turo maka lambar shiga karanto min in sa sunanka", har sunan guruf ɗin na gaskiya zai faɗa maka saboda ya riga ya ƙwace na wani a cikinku. Lamba 6 da ta shigo wayarka ba ta mitin ba ce. Banki ma ba ya kira ya ce ka karanto OTP, wato lambar da yake turo maka ta tes, ko lambar bayan katin ATM, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da BVN ɗinka daidai, ka kashe kawai ka je reshe da ƙafarka.

To in abin ya riga ya faru fa? Alamar welkom bak na sata ita ce sabis ya ɗauke ɗif a wayarka alhali na kusa da kai mai irin layinka yana da shi, ka kashe ka kunna shiru, ka sa sim ɗin a wata waya shiru. Wani lokacin kafin nan za ka ga saƙo cewa an nemi sauya sim, ko a dame ka da kira barkatai don ka gaji ka kashe wayar. Kar ka ce bari in jira zuwa gobe ƙila netwok ne, sun fi son yin abin da yamma ko daren Juma'a saboda sun san sai Litinin za ka samu banki a buɗe. Banki za ka fara rufewa kafin komai, kafin ma ka nemi layin. Ari wayar wani ka danna lambar toshe akawun, bankuna suna da ita kuma daga kowace waya tana yi, misali Access *901*911#, Zenith *966*911#, sauran ma kowanne da tasa, ka nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda ka sa a walat, ka kuma ba wa matarka ko mijinki ko wani amintacce. Kar ka manta da su OPay da PalmPay da Moniepoint in kana da su, su ma da lambar wayar suke aiki. Bayan nan ka kira kamfanin layin ka ce a dakatar da lambar, da safe ka tafi ofishinsu da NIN ɗinka da katin sim ɗin in yana nan, in babu za su iya neman takardar rantsuwa ta kotu, za su tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin ƙarshe da ka sa, su ɗauki hotonka ko yatsa su gwada da na rajista. Ka canza fasawod na imel da Facebook, ka sa wani ya sanar a guruf-guruf cewa duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi da sunanka ba kai ba ne. In an riga an cire kuɗi ka rubuta ƙorafi a banki a rubuce ka karɓi lambar ƙorafin, da wuri ake iya tare kuɗi a akawun ɗin da aka tura su kafin a kwashe, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, in banki ya yi ta ja maka rai fiye da sati 2 akwai sashen kare haƙƙin kwastoma a CBN, in kuma kamfanin layi ne ya ƙi sauraron ka sai ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Akwai wata ɓarakar da ba ɓarawo ne ya buɗe ta ba, mu ne. Layin da aka daina amfani da shi ba ya zama naka har abada, in ya yi wata 6 ba kira ba kati ba data kamfani na iya rufe shi, in aka ƙara wasu watannin kuma a sake sayar da lambar ga wani sabo, shi kuma ya fara ganin alat ɗin bankinka. Wannan ya fi shafar waɗanda suka tafi karatu ko aiki waje, da wanda ya yar da tsohon layi ya koma wani don ya fi arhar data, da kuma mamatan da iyali suka bar layinsu a durowa kafin a gama rabon gado. In za ka bar layi ka je banki ka canza lambar tukuna har a kan BVN, in kuma kana son lambar ka riƙa sa mata ko naira 100 kana yin kira ɗaya duk bayan wata biyu, wasu kamfanonin ma suna da tsarin da za ka biya su riƙe maka lamba in za ka daɗe ba ka nan. Iyayenmu da kakanni da ba su iya karatun boko ba kuma a taimaka a zauna a yi musu duk waɗannan, a kuma ja musu kunne kar su riƙa faɗa wa mai POS fin da baki a gaban jama'a.

In ɗan uwanka ya kira ka daga Saudiyya ko Ingila amma ka ga lambar gida ta fito kamar 080 ko 070, wannan ma wani nau'in ne na harkar kiran arha, akwati ne cike da sim da ake karkatar da kiran waje ta intanet a shigo da shi kamar na cikin gida don a kauce wa kuɗin da kamfani ke karɓa, an sha kama masu yi a Najeriya da Ghana. Kai ba a cire maka komai ba, amma kar ka ajiye lambar a matsayin tasa kuma kar ka yi maganar kuɗi ko lambobin sirri a irin wannan kiran, ku koma WhatsApp.

Sai wayar hannu, ko Landan yus ko wadda wani ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar. Kafin ka biya ka danna *#06#, lambar IMEI mai guda 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da wadda ke cikin saitin, in sun saɓa to an taɓa wayar, ko ta sata ce aka sauya mata lamba ko kuma jabu ce da aka yi wa rigar Samsung ko iPhone. Ka sa mai ita ya cire akawun ɗinsa na Google ko iCloud a gabanka, a goge wayar gaba ɗaya ta tashi sabuwa ka sa sim ɗinka ka yi kira. A kasuwa irin Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ka sayi a shago mai lamba wanda gobe za ka dawo ka same shi, ba a hannun wanda ya tare ka a bakin ƙofa ba, a rubuta maka rasit da IMEI ɗin a jiki da sunan shagon da lambar mai shagon, don in wayar ta sata ce aka bi sawunta wanda aka samu tana hannunsa shi ake fara kamawa, rasit ɗin nan ne zai fitar da kai. Taka wayar ma da kake riƙe da ita yanzu ka danna *#06# ɗin ka kwafe lambar a takardar nan da ka rubuta PUK, in wayar mai sim biyu ce lambobi biyu za ka gani, ka rubuta duka.